Ɗakin da Ciyaman Ya Ce Ba Kowa

Ɗakin da Ciyaman ya ce ba kowa a cikinsa, da na tura ƙofar sai na tarar da wata tsohuwa zaune a bakin gado tana yanke farcen ƙafa. Na yi sallama na ja da baya, a zatona ɓatan hanya na yi. Ciyaman da ke bayana ya ce, "Shiga mana, Malama, nan ne. Inna ce kawai."

Ni ma'aikaciyar laburaren unguwarmu ce, shekara goma sha ɗaya ina buga wa littattafai hatimi ina tare yoyo da bokiti. Ginin ya tsufa har ya gaji da tsufa. In aka yi ruwa sashen tarihi ne ke fara jiƙewa, sai sashen kiwon lafiya ya bi bayansa. Ranar da silin ya rufto kan teburin jaridu, Allah ne ya taimaka mai karatun ya fita fitsari. To a nan ne wata ƙungiyar agaji ta ji tausayinmu. Ta ce za ta biya rabin kuɗin sabon rufi da ƙarin ɗaki guda, mutanen unguwa su kawo rabi. Amma kafin a cire ko ƙusa ɗaya, sai an kwashe littattafan an adana su yadda takardarta ta tsara: busasshen ɗaki mai taga, kwalaye a kan katako ba a ƙasa ba, ƙofa da kwaɗo, makulli a hannun ma'aikacin laburare. Ba a kwana a ɗakin, ba a cin abinci a ciki.

Da aka karanta sharuɗɗan a taron kwamitin raya laburare, kowa ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Sai shugaban kwamitin, wanda kowa ke kira Ciyaman har matarsa, ya miƙe ya gyara wuyan riga. "Ina da ɗaki a gidana, yana nan zaune ba kowa a ciki. Na ba al'umma." Aka yi tafi, har wani ya yi kabbara. Ni ma na tafa, kada in yi ƙarya, sai da tafin hannuna ya yi ja.

Shi ya kawo ni bakin wannan ƙofa da 'yan dako shida a bayana.

"Inna, ga Malamar laburare," in ji Ciyaman. "Baƙin nan da na gaya miki ne suka iso. Sati biyu ne kacal, su gyara rufinsu su kwashe kayansu."

Tsohuwar ta ajiye rezar, ta dube ni, ta dubi kwalayen da ke kan 'yan dako. "Sannunku da hanya. Mene ne a ciki haka da nauyi?"

"Littattafai ne, Inna."

"Dukansu?" Ta riƙe haɓa. "To kada ku bar su a tsaye, ku shigo da su. Yaron nan tun yana ƙarami yake son takarda." Da alfahari ta faɗa, tana kallon ɗanta da furfura ta riga ta cinye masa gemu.

Sai da muka fara sauke kaya muka tuna ba mu zo da katako ba. Ciyaman bai ko yi dogon tunani ba, ya nuna gadon. Aka kira kafinta ya warware shi, aka shimfiɗa katakan a ƙasa, muka jera kwali ɗari biyu da sha huɗu. Littattafan lissafi ne suka samu gefen bango, inda take sa kai. Kayanta ba su da yawa: akwatin ƙarfe, katifa, sallaya, buta da ƙaramin rediyo. Aka kai su korido, tsakanin kicin da ƙofar baya, kusa da firiza. Na ja ƙofar ɗakin na datse kwaɗo, na jefa makullin a jakata tare da kuɗin mota da man leɓe.

Kada mai karatu ya ɗauka gidan Ciyaman ƙarami ne. Akwai falon baƙi mai kujerun da har yau ba a cire musu leda ba. Akwai ɗakin da Madam, matarsa, ta ajiye keken motsa jiki, wanda tun da aka sayo shi aikinsa shanya tawul. Mota ma tana da ɗakinta, har da fitila. Na tambayi Madam ko ɗakin keken ba zai yi ba, tunda shi ma yana da taga. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Tayil ɗinsa sabo ne, kwali zai karce shi."

Ɗan kwangila ya nuna ƙwazo. Cikin kwana uku ya yaye rufin laburare tas, ya loda tsohon kwanon a mota, daga nan shiru kake ji. Ƙungiya ta ce ba za ta saki sauran kuɗinta ba sai ta ga rabin mutanen unguwa. Aka shirya taron neman gudummawa, manya suka zo da manyan riguna, kowa ya karɓi makirufo ya yi alkawari, aka sha lemo aka watse. Da aka bi su gida, wannan ya yi tafiya, wancan yana wanka. Wani wankan har yau ba a fito ba.

Ni kuwa kowace Talata sai in je gidan Ciyaman da fom ɗin ƙungiya. Tambaya shida ce a kai: akwai danshi, akwai gara, akwai ɓera, akwai wari, taga lafiya, kwaɗo lafiya. Ina shiga gida zan ji muryar Inna daga bayan firiza.

"Mai makulli ta iso."

Sai ta taso tana dafa bango. Ina buɗe ɗakin za ta bi bayana, ta ratsa ta 'yar siririyar hanyar da muka bari tsakanin kwalaye, ta zauna kan kwalin labarin ƙasa da ke bakin taga. Iska kawai take sha tana kallon bishiyar maƙwabta.

"Ki duba a hankali, 'yar nan, kada ki yi gaggawa," in ji ta. "Gara muguwa ce, ɓuya take yi."

Na san ba gara ce ta dame ta ba. Aikin minti biyar ne, amma sai in ƙirga kwalayen sau biyu, in leƙa ƙarƙashin katako, in sake ƙirgawa.

"Yaya baƙin nawa? Suna lafiya?"

"Lafiya lau suke, Inna."

"Ba sa tari?"

"Littafi ai ba ya tari."

"To madalla. Ni na karɓa musu."

Ta kuwa karɓa. Ƙofar baya ba ta rufuwa sosai, in aka yi ruwa sai ya biyo ta ƙarƙashi ya sami katifa. Firiza na huci a kanta ba dare ba rana, in aka ɗauke wuta kuma ya yi mata zufa a ƙasa. Duk mai son ruwan sanyi a gidan sai ya tsallake ƙafafunta, ya ce sannu Inna, ya ɗauka ya sake tsallakewa. Ba wanda ya taɓa fasa gaishe ta, gidan akwai tarbiyya.

A wata na uku Madam ta sayo injin wanki. Mai haɗawa ya ce ba inda bututu zai kai sai koridon nan, don haka aka matsar da Inna sito. Sito ba shi da taga, kuma katifarta ta fi shi tsawo. In aka miƙe katifar ƙofa ba ta rufuwa, in aka naɗe ta kuma dole Inna ta kwanta a ƙudundune, kanta jikin buhun shinkafa, ƙafarta jikin jarkar mai.

Ranar da na gan ta a can, na tsaya jiran Ciyaman a bakin mota.

"Ranka ya daɗe, ko za a mayar da kwalayen nan falon baƙi? Na ga Inna ta takura."

Ya cire tabarau ya goge. "Malama, a falon nan nake karɓar masu ba da gudummawa. So kike su zo su zauna kan kwali? Kuma sito ya fi mata ɗumi. Ki tambayi kowane likita, sanyi ne ke kayar da tsofaffi. Ni da kike gani duk wahalar nan don wa nake yi? In an gama ginin nan ɗan wa za a ce ya yi?"

Madam da ke tsaye da mukullan mota ta ƙara da cewa, "Ita ce ma ta ce ba ta son hayaniya. Mutanen da ba sa son manyan ɗakuna, tsoro suke ba su."

Na kai maganar wurin Oga, shugaban laburarenmu, wanda tun da aka yaye rufi ya mayar da ofishinsa ƙarƙashin rumfar mai gyaran waya. Ya saurare ni yana sakace haƙori.

"A fom ɗin nan naki akwai layin tsohuwa?"

"Babu."

"To ki cika abin da aka tambaye ki. Mutumin nan shi kaɗai ne ke iya kiran manya su ɗaga waya. In ya yi fushi ya watso mana kwalaye a titi, gidanki za ki kai su?"

Ɗaki ɗaya nake haya, ni da ƙanwata. Na ɗauki fom ɗina na tafi.

A wata na biyar ƙafafun Inna suka kumbura, takalmi ya daina shiga. Hanyar sito zuwa ɗakinta taku goma sha biyu ce, amma sai ta huta sau biyu. Wata Talata na gama ƙirgata ta uku, na ce mu tafi, sai na ga ta miƙe ƙafafu a 'yar hanyar tsakanin kwalaye, ta jingina da kwalin ƙamus, ta lumshe ido. Ban taɓa ganin mutum ya ji daɗin miƙe ƙafa irin haka ba. Da muka fito na rataya kwaɗon, na haɗa bakinsa, ban danna ba.

"Inna, kwaɗon nan ya fara ciwo, ba ya kamawa sosai."

Ta dubi kwaɗon, ta dube ni. "Allah ya ƙara masa ciwo," in ji ta a hankali.

Kwana huɗu ta samu. Takan shiga in gida ya yi shiru, ta fito kafin kowa ya motsa. A rana ta biyar, ranar da ko aiki ba a yi, Oga ya kira ni yana haki: jami'ar ƙungiya ta zo duba kaya ba sanarwa, in yi maza in same su a gidan Ciyaman.

Jami'ar matashiya ce mai fara'a, da tabarau da kwamfutar hannu. Ta taɓa kwaɗo ya buɗe da kansa. Ta shiga ta ɗaga hanci.

"Kamar warin man zafi nake ji."

Ta leƙa bayan kwalin ƙamus ta ɗago wani kofin roba da sauran ruwa a ciki, ta ɗauki hotonsa ta gaba da ta baya. Ta yi mana bayani cikin ladabi cewa numfashin ɗan Adam yana kawo danshi, danshi yana kawo funfuna, kuma saɓa sharaɗi zai iya sa a janye tallafin gaba ɗaya. Ciyaman ya rantse yara ne suka shiga wasan ɓuya.

A hanyar fita muka bi ta ƙofar sito. Ƙafafu biyu kumburarru sun leƙo waje. Jami'ar ta tsaya.

"Wannan fa?"

Ciyaman bai ko ƙifta ido ba. "Wata 'yar'uwa ce daga nesa, ganin likita ta zo. Jibi za ta koma."

Jami'ar ta rusuna. "Sannu, Mama. Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin, 'yata," in ji Inna. Ba ta dubi ɗanta ba, rubutun jikin buhun shinkafa ta tsura wa ido, ita da ba ta iya karatu ba.

Motar jami'ar na fita, Ciyaman ya dawo ya tsaya a kanta. Bai ɗaga murya ba, don shi mutum ne mai ladabi ga iyaye.

"Inna, kin san abin da kika yi kuwa? Saura kaɗan ki jawo wa unguwa guda asara. Yara nawa ne ke jiran laburaren nan? Saboda barcin kwana huɗu?"

"Na yi kuskure," in ji ta.

"Ai ba faɗa nake ba. Nuna miki nake."

Ni na samu takardar tuhuma a kan sakaci da dukiyar jama'a, da gargaɗin cewa in aka sake, in nemi wani aikin. Ƙofa ta samu kwaɗo na biyu, makullinsa a aljihun Ciyaman. Aka kuma kafa doka: ranar Talata Inna ba za ta ƙara bina ciki ba, Madam za ta tsaya a bakin ƙofa har in gama.

Talatar da ta biyo baya na tsuguna a bakin sito in gaishe ta. Ta kamo hannuna ta jawo ni kusa.

"'Yar nan, tunda ganin likita na zo, ko za ki tuna masa? Kada a ce duk abin da muka gaya wa baƙuwar nan ƙarya ne."

Na yi dariya a gabanta, kukan kuma na yi shi a motar haya. Na tuna wa Ciyaman. Ya aika aka sayo maganin tari kwalba ɗaya, mai ɗanɗanon lemo.

Wata huɗu muka ƙara a haka. Ina zuwa, ina buɗe nawa kwaɗon, Madam na buɗe nasu, ina rubuta babu danshi, babu gara, babu ɓera. Littattafan sun yi kyau abinsu, ko shafi ɗaya bai lanƙwashe ba. Inna ta daina cewa mai makulli ta iso, don tarin ba ya barinta ta kai ƙarshen magana. Hannu kawai take ɗaga mini. Ina kai mata man zafi da 'yar ayaba a ɓoye cikin jaka, kamar mai kai wa ɗan kurkuku ziyara, in fito ina jin kamar na yi wani abin kirki. Kunyar wannan har yanzu ba ta sake ni ba.

Sai zaɓe ya matso, wani mai neman kujera ya tuna ashe yana ƙaunar ilimi. Ya cike rabin mutanen unguwa a rana ɗaya, a gaban masu ɗaukar hoto. Ƙungiya ta saki nata, ɗan kwangila ya ɓullo da sabon tumbi, cikin sati bakwai aka yi rufi, aka tayar da ƙarin ɗakin, aka shafe ko'ina da fenti.

Ranar kwashe kwalaye na isa gidan da hantsi, na tarar Inna ta riga kowa. Ta ja akwatinta har bakin ƙofar ɗakin, ban san yadda ta yi ba, ta zauna a kai da tsintsiya a hannu. Duk kwalin da ya fito sai ta ce masa, "A sauka lafiya." Da na ƙarshe ya fita ta leƙa ciki. Ga katakan gadonta a ƙasa, ga tagarta, ga bishiyar maƙwabta ta ƙara tsawo.

"A kira mini kafinta," in ji ta.

Shafin ƙarshe na fom ɗin ƙungiya ya ce a mayar da makulli ga wanda ya sa hannu ya ba da ɗakin. Na ciro shi daga jaka. Inna ta miƙo hannu, tana kusa da ni har ina jin ƙarar ƙirjinta. Ciyaman ma ya miƙo nasa, da biro a ɗaya hannun. Zan so in ce na yi dogon tunani, amma takardar tuhumar nan kawai na tuna, da kuɗin haya. Na sa masa a hannu, ya sa hannu a fom.

"Inna, ba yau ba," in ji shi yana jan ƙofar. "Ƙurar littafi guba ce ga mai tari. Sai an yi feshi an yi fenti. Sati ɗaya."

Bayan sati uku Oga ya aike ni da wasu takardu. Na tarar da ƙofar ɗakin a buɗe, an shimfiɗa kafet, an kawo tebur da kujera mai juyawa. A saman ƙofa an kafa allo: Ofishin Kwamitin Raya Laburare. Ashe ƙungiya ta sa hoton ɗakin a rahotonta a matsayin abin koyi, ta kuma naɗa Ciyaman mai ba wasu unguwanni biyu shawara. Kafinta ya zo kamar yadda Inna ta nema, amma kantar jera kaya aka sa shi ya yi da katakan gadon, aka jera lambobin yabo a kai.

"Mutum mai irin wannan nauyi ai ba zai riƙa ganin jama'a a falo ba," in ji Ciyaman yana juyawa a kujera.

"Inna fa, ranka ya daɗe?"

Ya yi murmushi har kunne. "Na yi mata tanadin da ya fi ɗaki. Ki bari ranar buɗewa ki gani."

Ranar buɗewa na gani. Sabon ɗakin da aka ƙara wa laburare, Ciyaman ya shawo kan kwamiti an sa masa suna Zauren Dattawa, sabon shiri na kula da tsofaffin unguwa. Doguwar kujera mai laushi, fanka biyu, taga uku, littattafai masu manyan baƙaƙe, da shayi kyauta. Aka tattaro tsofaffi takwas don hoto. Aka kawo Inna a mota cikin sababbin kaya, ko karin ninkinsu bai baje ba. Mutum biyu suka riƙe ta har kan doguwar kujerar, aka ɗora mata littafin kiwon kaji a cinya.

Ciyaman ya karɓi makirufo, muryarsa na rawa. "Wannan baiwar Allah da kuke gani ita ce mahaifiyata. Ita ta sadaukar da ɗakinta wata goma sha ɗaya don 'ya'yanku su yi karatu. Ban roƙe ta ba, ita ta ce in kawo."

Wuri ya ɗauki tafi, wasu mata na share hawaye. Jami'ar ƙungiya ta dubi Inna, ta dubi Ciyaman, ta ɗan haɗa gira kamar za ta tuna wani abu, sai aka miƙo mata almakashin yanke ƙyallen buɗewa. Kafin a yanke ƙyalle Inna ta ja ƙafafunta ta miƙe su kan kujerar, barci ya ɗauke ta. Duk wanda ya kalli bidiyon bikin zai ji minsharinta a ƙarƙashin jawabin mai neman kujera.

Tun daga ranar, direban Ciyaman ke sauke ta in zai kai yara makaranta. Kafin in iso da safe tana zaune a kan matakala da 'yar ledar abincinta. In buɗe, ta dangwala yatsa a rajista, ta wuce kujerarta ta miƙe. Salla kawai ke tayar da ita. Sauran tsofaffin sun zo sati biyu, da kuɗin shayi ya ƙare suka koma majalisarsu. Ita ce ba ta taɓa fashi ba, don haka da ita kaɗai muke cika rahoton wata-wata cewa shiri na tafiya. Har takardar yabo ƙungiya ta aiko mata, ta wadda ta fi kowa amfana da laburare. Ciyaman ya sa a firam ya rataye a ofishinsa.

A unguwa yanzu in uwa za ta yi wa ɗanta faɗa, da Ciyaman take ba shi misali. Ni kuma in na ji sai in yi shiru, don ina cikin waɗanda suka sani. Oga ya sani, direba ya sani, kafinta ya sani, ƙawayen Madam da ke tsallake ƙafafun nan in za su shiga kicin sun sani. Ba wanda ya doke ta, ba wanda ya zage ta, ba ranar da aka hana ta abinci. Kowannenmu aikinsa kawai ya yi, kuma ya yi shi da kyau, har aka ba mu shaida. Ina jin haushin Ciyaman, amma nawa haushin ya fi ci mini rai, don shi ko ba komai ya yarda da ƙaryarsa.

Ƙarfe huɗu muke rufewa. Alhamis ɗin da ta wuce na kashe fankoki, na sauke labule, na je na tsaya a kanta. Ta rame har kujerar ta yi mata yawa.

"Inna, tashi, huɗu ta yi."

Ta buɗe ido a hankali, ta bi kantocin littattafai da kallo, daga wannan bango zuwa wancan.

"Su a nan za su kwana?"

"A nan, Inna."

Ta yi tari mai tsawo, ta jira numfashi ya dawo. "'Yar nan, ki rufe da ni mana. Ba zan taɓa komai ba. Da safe ki buɗe ki same ni inda kika bar ni."

Na fara yi mata bayanin doka, na ji muryata ta koma irin ta jami'ar ƙungiya, na katse maganar. A waje direba ya danna hon sau biyu, yara sun gaji da jira. Inna ta ji. Ta kama hannun kujerar da hannu biyu ta riƙe gam, idonta a kaina. Direba ya sake danna hon.

Ni na durƙusa na ɓamɓare yatsun nata, ɗaya bayan ɗaya.